Taɓa Kunne

A zamaninmu ba a tambayar takardar haihuwa kafin a ɗauki yaro makarantar boko, don babu mai ita. Kunne ake taɓawa. Za a tsai da kai gaban hedimasta, ka ɗaga hannun dama, ka bi da shi ta tsakiyar kanka, ka kamo kunnen hagu. In yatsunka sun kai, ka isa shiga aji ɗaya. In ba su kai ba, ka koma gida ka ƙara cin tuwo, sai baɗi. Jikokina in na ba su wannan labari dariya suke yi, su miƙe suna gwadawa. Nakan taya su dariyar, tunda ba ta rage ni da komai.

Sunana Laraba, 'yar Badaru dillalin awaki, daga Rijiyar Kabo, wani ƙauye a gefen hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Zango. Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ina rarrafe na jawo kaskon tuya, mai ya kwaro mini a hannun dama. An ce na yi ta kuka har muryata ta dushe. Ni ban san an yi ba. Abin da na tashi na gani shi ne hannuna a lanƙwashe, fatar damtse ta manne da ta sangali a gwiwar hannu, ba ya miƙewa ko an ja.

Amma yatsun lafiyarsu ƙalau. Wannan nake so a riƙe, don mutane da yawa da suka san ni daga baya suna zaton haka aka haife ni. Da yatsun nan nake murza ƙuli-ƙuli, da su nake yi wa ƙanwata Kulu tsifa, da su nake ɓarar gyaɗa har na fi Inna sauri. Daka ce kawai ta gagare ni, da ɗaukar tulu. A makarantar allo kuwa, wajen Malam Dabo, sai in jingine allon a ƙirjina, in sunkuyo, in yi rubutuna. Malam Dabo yakan ɗaga allona ya nuna wa manyan yara maza, ya ce su dubi yadda ake zagaye harafi. Ina jin daɗin wannan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har yanga nake yi da tawadar da ta ɓata mini yatsu, ba na son wankewa.

Babana tun ranar da na ƙone ya ajiye kunyar 'yar fari. Yana kiran sunana a gaban kowa, yana saɓa ni a kafaɗa, abokansa na yi masa tsiya. Shi ne ya fara cewa wadda ba za ta iya riƙe taɓarya ba sai a nema mata alƙalami.

A da, makarantar bokon garinmu sai an sa dagaci ya kamo yara, iyaye na ɓoye su a rumbu. Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, sai abin ya juye. Ɗan maƙwabcinmu da ya gama aji bakwai ya tafi Kaduna, ya dawo da babur da rediyo da agogon da yake dubawa ko ba a tambaye shi lokaci ba. Nan take kowa ya gano ashe boko ba ta kai mutum wuta. Aji ɗaya kuma ɗaki guda ne, bencuna ba su da yawa. Sai taɓa kunne ya zama babban al'amari.

Hedimastan, Malam Harisu, dogon mutum ne mai tsabta, ɗan cikin garin Daura. Na daɗe ina neman in ce mugu ne, abin bai yiwu ba. Ba ya karɓar kaza, ba ya karɓar damin gero. An ce ya taɓa mai da ɗan dagaci gida saboda yatsunsa sun tsaya a saman kunne, dagacin ya yi ta aike, bai saurare shi ba. Mutanen gari suna yaba masa a kan haka. Talaka ya samu wuri guda da ɗansa da ɗan mai sarauta za su tsaya layi ɗaya a auna su da mudu ɗaya, ai dole ya yaba.

Shekarar farko da Baba ya kai ni, gero ya fara nuna. Aka jera mu ƙarƙashin darbejiya. Da layi ya zo kaina, na ɗaga kafaɗa iya ƙarfina. Hannun ya tsaya a gefen kunnen dama, ko tsakiyar kai bai leƙa ba. Yara suka bushe da dariya. Ba tare da an ce mini ba, na ɗaga hagu na kamo kunnen dama, har da ragowar yatsu.

"Da dama ake yi," in ji Malam Harisu.

Baba ya matso ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ƙuna ce. Ka ga dai tabon. Yarinyar nan ta kai, har ta ɗara wasu da ka ɗauka."

"Malam Badaru, ni ba na duban fuskar yaro, ba na tambayar ɗan wane ne. Hannu nake duba. Yau in na karɓi hagu a wajenka, gobe wani zai zo ya ce nasa ɗan wuyansa ne dogo. Ka bar ni da abin da na tarar."

Muka juyo. A hanya Baba ya saya mini alawa, na ci, ban ji zaƙinta ba.

Da shekara ta zagayo, mu biyu aka kai, ni da Kulu. Kulu ta ɗora hannu, ta ɗan karkatar da kai irin dabarar da yara suke koya wa juna, ta cafki kunne. Aka ce ta wuce. Ƙanwata ce da na goya, na wanke wa kashi. Ni kuwa hannuna ya tsaya inda ya tsaya bara.

A nan Baba ya yi abin da har ya rasu yana jin kunyarsa. Shi dillali ne, in ana gardamar shekarun akuya a kasuwa, baki ake buɗewa a dubi haƙori. Sai kawai ya kama haɓata, ya danna kumatuna da yatsu, ya wage mini baki ya juya ni wajen hedimasta.

"Dubi nan, ranka ya daɗe. Ta gama famfara tuni, ga manyan haƙora sun fito. Wannan ai ba ƙaramar yarinya ba ce."

Malam Harisu ko leƙawa bai yi ba. Ya ce, "Haba Malam Badaru, nan ba kasuwar awaki ba ce."

Iyayen da ke wurin suka kwashe da dariya, yara suka taya su. Daga ranar na samu suna, in na wuce sai in ji an yi kukan akuya a bayana. Baba ya sake ni, ya tsaya yana goge hannunsa a riga. Da taron ya watse, Malam Harisu ya kira shi gefe, ni ina tsaye kusa ina ji. Cikin taushin murya ya yi maganar, irin ta mai ba da shawara.

"Ka duba lamarin nan da kyau. Makaranta akwai shara, akwai fareti, akwai noma a gonar makaranta. Ko na ɗauke ta wahala za ta sha. Kuma girma take yi. Baɗi gwamnati za ta kawo sabon tsari, yara za su yi yawa, ƙanana za a nema. In har baɗi bai taɓa ba, to ta wuce ke nan, kada ka ƙara wahalar da kanka."

Sabon tsarin shi ne wanda ake ta faɗa a rediyo, ilimi kyauta ga kowane yaro, mace da namiji. Baba yakan tsaya ƙofar gidan maƙwabcinmu ya saurara. Ya taɓa tambayar Malam Harisu ko "kowane yaro" ya haɗa da ni. Hedimastan ya ce masa kowane yaron da ya isa ake nufi, kuma ta ina za a san ya isa in ba ta kunne ba?

Kulu ta fara zuwa makaranta da shuɗin yunifom. Ni ce mai wanke shi, ina cuɗawa a kan cinyata da yatsun nan nawa. In ta dawo sai ta zauna tana rera baƙaƙen boko, ta zana su a ƙasa a karkace. Nakan karɓi tsinken in gyara mata, don hannuna ya fi nata tsayuwa. Na yi hassadar Kulu a shekarar nan, hassada mai zafi, har nakan ƙi yi mata magana yini guda ba ta yi mini komai ba.

Baba ya kai ni asibiti a Daura. Malamin asibitin ya dudduba, ya ce ana iya gyarawa, amma aiki ne na manyan likitoci, sai Kano ko Zariya, kuma za a kwana biyu ana jira. Mu kuwa farin da aka yi ya cinye awakin Baba, kwanan nan ya fara farfaɗowa. Kano a wajenmu wata duniya ce, ba mu da kowa a can. Muka hau mota muka dawo.

Wanda ya kawo shawarar da aka bi shi ne Ɗantsoho, wanzamin gidanmu. Shi ya yi mini askin suna, shi ya cire mini beli, shi yake yi wa Baba ƙaho. Mutum ne mai fara'a da hannu mai sanyi, ba a taɓa jin kaciyarsa ta ɓaci ba. Wata rana yana yi wa Baba aski a zaure, na kawo ruwa, sai ya kama hannuna ya mammatsa tabon.

"Badaru, wannan ai fata ce kawai ta riƙe shi. Ƙashi lafiya lau. In aka tsaga nan, aka miƙe shi aka ɗaure da kara, kafin damina ya zama hannu kamar na kowa."

Ɗantsoho bai yi ƙarya ba a iya saninsa. Fata ya sani, a kan fata ya tsufa.

Inna ba ta so ba. Amma ni 'yar fari ce, ba ta da bakin da za ta tsaya gaban mutane ta yi gardama a kaina, ga kuma kaskon da ya ƙona ni nata ne. Abin da na ji ta ce wa Baba kawai, tana tankaɗe ba ta ɗago ba, shi ne, "Malam, hannun nan fa yana yi mata aiki."

Baba ya ce, "Yana murza ƙuli-ƙuli. Shi kike so ta mutu tana yi?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuwa da Baba ya tambaye ni ko zan iya daurewa, tsalle na yi. Da a ce a ranar za a yi, da na miƙa hannun.

Aka bari sai lokacin sanyi, lokacin da ake yi wa yara maza kaciya, don an ce ciwo ya fi saurin kamewa. Da hantsi Ɗantsoho ya zo da zabirarsa. Inna ta yafa gyale ta shiga maƙwabta. Aka shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, Baba ya zauna ya rungume ni ta baya, ya danne ƙafafuna da nasa, ya juyar da fuskata cikin rigarsa. Rigar tana warin awaki da goro. Ɗantsoho ya yi bisimilla.

Zafin farko ba shi da misali, kuma ba zan tsaya neman misalin ba. Na yi ihu, na ciji rigar Baba har na haɗa da naman ƙirjinsa. Ina jin Ɗantsoho yana cewa tabon ya yi zurfi, sai ya ƙara shiga kaɗan. Ya ƙara. Sai na ji wani abu ya tsarga daga gwiwar hannu ya fita ta kan yatsuna, sau ɗaya, da sauri. Daga nan yatsun suka yi shiru.

Na ce, "Baba, ƙasan ya daina zafi."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ɗantsoho ma ya ce alhamdu lillahi. Suka ja hannun ya miƙe, aka wanke da ruwan bagaruwa, aka barbaɗa magani, aka jera karan dawa aka ɗaure. Da yamma Inna ta dama mini kunu, ta ajiye kusa da ni, ta tsaya tana kallon yatsuna da suka leƙo ta ƙasan ɗaurin. Ƙuda ya sauka a kan babban yatsan yana yawo, ban kore shi ba don ban san yana nan ba. Ita ta kore shi, ta fita.

Ciwon ya warke, ban yi zazzaɓi mai yawa ba, kowa ya yaba hannun Ɗantsoho. Ranar da aka kwance kara, hannuna ya sauka har cinya, dogo, siriri, a miƙe. Mata suka shigo kallo suna barka. Aka ce in motsa yatsu. Na aika musu saƙo, ba su amsa ba. Ɗantsoho ya ce jini ne bai gama sauka ba, a riƙa shafa man shanu ana gasawa da ruwan ɗumi. Aka shafa, aka gasa. Wata rana ruwan ya yi zafi da yawa har fatar ta tashi, sai da Kulu ta gani ta yi ihu na sani. Bayan wannan Ɗantsoho ya rage zuwa gidanmu, Baba kuma ya koma yin aski a kasuwa. Ba su yi faɗa ba, ba su kuma ƙara zama tabarma ɗaya ba.

Na koma makarantar allo. Na jingine allon a ƙirji yadda na saba, na sa alƙalami tsakanin yatsu da hannun hagu, na saki. Ya faɗi. Na sake, ya sake faɗuwa, tawada ta ɗiga a zanena. Sai na ɗauka da hagu. Malam Dabo ya miƙo hannu a hankali ya karɓe alƙalamin.

"Laraba, karatu za ki ci gaba da shi, ba abin da zai hana. Amma ayar Allah ba a rubuta ta da hagu. Kulu ta riƙa rubuta miki."

Ya faɗa idonsa na ƙasa. Na ce to. Kulu ta riƙa rubuta mini da rubutunta mai kama da tafiyar kaza, ni ina biyawa. Na jira in ji baƙin ciki, bai zo ba. Tun daga lokacin abubuwa suka riƙa wucewa ta gabana ina kallo. A yi kukan akuya a bayana, in ji, in wuce. Mata su ce ƙaddara ce, in ce haka ne. Su waɗanda suka fi kowa saurin cewa ƙaddara, na lura, hannuwansu biyu cur suke.

Abu guda na koya a wannan bazara. Kafaɗata tana aiki. In na ɗaga ta sama sosai, na tallafa da hagu, sai sauran hannun ya faɗo da kansa ta kan kaina, yatsun su sauka daidai kunnen hagu. Kunnen yana jin yatsun, sanyi-sanyi. Yatsun ba sa jin kunnen. Na yi ta gwadawa a bayan ɗaki har na iya yi ba tare da tallafi ba, in wurga shi sama ya sauka inda ake so. Na nuna wa Baba. Ya kalla, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, ko ba komai." Bai ƙarasa ba.

Damina ta zo, aka kawo siminti da kwano a manyan motoci, aka gina sababbin azuzuwa a makarantar, fenti ko bushewa bai gama yi ba aka sa ranar ɗauka. Ta faɗo ranar kasuwar Mai'aduwa. Baba ya ce yana da awakin mutane da zai kai, ba zai samu zuwa ba. Shekara biyu yana barin kasuwa saboda wannan rana. Ya fita tun da sassafe. Kulu ce ta raka ni, ita da ta shiga aji biyu.

Ban taɓa ganin yara da yawa haka ba. Har daga rugagen Fulani an kawo, da 'yan ƙauyukan da ban san sunansu ba. An fito da tebura ƙarƙashin darbejiya, sababbin malamai sun zauna, yara ne su ma, ba su daɗe da fitowa daga kwaleji ba. A layinmu mace ce, abin da ba mu taɓa gani ba a garin, wata siririya mai farin gyale da aka ce sunanta Malama Haulatu, daga Katsina. Layin yana sauri. Ina daga baya, na fi kowa tsawo, hankalina duk yana kan kafaɗata, ban lura da abin da ake yi a gaba ba.

Da na iso ta ce, "Sunanki?"

"Laraba."

"Sunan mahaifi?"

"Badaru."

Ta rubuta. "Ɗaki na biyu, mai koren ƙofa. Na gaba."

Ban motsa ba. Na gyara tsayuwa, na ja numfashi, na wurga hannun sama. Ya faɗo ta kan kaina, yatsun suka sauka a kunnen hagu, har suka wuce shi. Na tsaya a haka ina jira.

Malama Haulatu ta ɗago. "Me kike yi?"

"Na taɓa."

"Kin taɓa me?"

"Kunne."

Ta yi ɗan murmushi. "Ai an bar wannan, 'yan mata. Tun bara aka gaya mana a kwaleji, duk yaron da aka kawo a rubuta shi, babu aune-aune. Sauke hannunki."

Saukewar ta fi ɗagawar wuya, sai na sa hagu na ɗauko shi daga kaina na ajiye a gefena. A nan murmushinta ya tsaya. Ta dubi tabon, ta dubi yatsun, ta buɗe baki za ta yi tambaya, na bayana ya turo ni.

Malam Harisu yana zagayawa tsakanin tebura, hannuwansa a baya. Ya gan ni, ya gane ni. Ya ce, "A'a, Laraba! Madalla, hannu ya miƙe. Ki gai da Malam Badaru." Ya wuce. Har yau ban sani ba ko shi ma tun bara aka gaya masa. Na bi bayansa da kallo, na laluba cikina ko zan samu fushi, ko kuka, ko wani abu. Babu komai a ciki. Yunwa ma na ɗan ji, don ban karya ba.

A aji aka raba mana sileti da alli. Malama Haulatu ce ta shigo. Ta zana harafin farko a babban allo, ta ce kowa ya kwaikwaya. Na san harafin tun a ƙasan tsakar gidanmu, na sha gyara wa Kulu shi. Na ajiye siletin a cinya na zauna. Ta zo ta tsaya a kaina, ta sunkuyo, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Wanne ne yake aiki?"

Na ɗaga hagu.

"To da shi za ki yi. Duk wanda ya ce miki wani abu, ki turo shi wajena."

Na kama allin da hagu na ja. Harafin ya fito a karkace, ya fi na Kulu muni. Ta ce ya yi kyau. Na san bai yi ba, na taɓa ganin mai kyau daga hannuna.

Da hagun na gama firamare, da shi na yi kwalejin horon malamai, da shi na yi ta rubutu a allon aji har na yi ritaya. Rubutun ya gyaru daidai gwargwado, ana karantawa. Ana yawan gayyatata taron iyaye in ba da labarina don a ƙarfafa wa masu naƙasa gwiwa, a tafa mini. Nakan je in an matsa. Ba na gaya musu abin da ya faru da yammacin ranar, don ba abin da za a tafa wa ba ne.

Baba ya dawo daga Mai'aduwa bayan la'asar. Ina zaune a zaure da siletina. Ya tsaya a bakin ƙofa da igiyoyin awaki a hannu, ƙafafunsa duk taɓo. A tasha ya sauka, ya ratsa gari a ƙafa, kuma babu zancen da ake yi a garin ranar sai na cewa an ɗauki kowa, har ƙaramin ɗan wani Jafaru da bai iya ɗaura wando ba. Ba yadda za a yi a ce bai ji ba. Ya dubi siletin, ya dube ni.

Ya ce, "Ya taɓa?"

Na ce, "Ya taɓa, Baba."

"Hedimasta ya gani?"

"Ya gani. Ya ce a gaishe ka."

Ya ajiye igiyoyin, ya zauna kusa da ni a kan dakali. Inna tana daga ciki, na ji ta tsai da tankaɗen da take yi. Baba ya ɗauko hannuna na dama daga gefena ya ɗora a cinyarsa, ya rufe shi da tafukansa biyu. Na ga jijiyoyin bayan hannunsa sun tashi, na ga yatsuna sun haɗe a cikin nasa, na gane matsawa yake yi da ƙarfi. Na zauna ina kallo har aka kira magariba.